Layin da Ya Kori Wofa Dankwa

Wata biyu da sallamar Wofa Dankwa daga aiki, Adwubi ta gano cewa laifin nata ne.

Kamfaninsu na Kumasi yana yin manhajar da ke duba hoton ƙwayar koko, wadda ake yin cakulan da ita, ta faɗi ingancinta. Injin da ke wannan lissafi a cikin manhajar Wofa Dankwa ne ya rubuta shi da harshen kwamfuta na C, shekara tara yana renonsa. Sauran ma'aikata da harshen Python suke aiki, don haka aka ɗora wa Adwubi gina gadar da za ta haɗa harsunan biyu, ta miƙa wa injin hoto, ta karɓo amsa. Da aka kai manhajar rumbunan Sefwi sai ta riƙa mutuwa ana tsakiyar aiki, manoma na tsaye da buhuna cikin rana. Duk saƙon kuskure sunan injin yake nunawa. Dattijon ya rantse aikinsa lafiya lau yake, ba wanda ya saurare shi.

Ranar wata Laraba Adwubi ta gwada injin shi kaɗai, ba gada. Hoto dubu goma ya cinye ko tuntuɓe bai yi ba. Ta koma kan nata aikin, har ta ga layin rubutun da ke jawo matsalar. Gadarta tana share hoton daga ƙwaƙwalwar na'ura tun injin bai gama karanta shi ba.

Ta je ta faɗa wa shugabarsu, Madam Ofosuaa.

"Gyara ki yi shiru," in ji Madam, idonta na kan waya. "Dā ma mutumin ya cika gardama."

"Amma a kan wannan aka kore shi."

"Ke kike so a kora a madadinsa?"

Ran Asabar Adwubi ta shiga mota zuwa Ejisu. Ta sami Wofa Dankwa a shagon ƙanwarsa yana gyaran firinta, hannu duk tawada. Ta gaishe shi, ta buɗe kwamfutarta ta ajiye a gabansa, ta nuna masa layin.

Ya ɗora tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Sau nawa na ce ki nuna mini gadar nan?"

"Sau uku, Wofa."

"Me kika ce?"

"Na ce na duba."

Ya cire tabaran ya goge da gefen riga. "Wata guda na yi ina zargin kaina, ina cewa ko tsufa ne ya fara cin kaina. Matata har asibiti ta kai ni a duba ni."

Adwubi ta fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya jawo kwamfutar ya nuna mata wani wuri na biyu, can ƙasa, inda ta maimaita kuskuren ba ta lura ba. Sannan ya koma kan firintarsa.

Ran Litinin ta gyara duka biyun. A bayanin gyaran, wanda kowa a kamfanin yake karantawa, ta rubuta cewa matsalar daga gadarta take, injin bai taɓa samun aibu ba. Madam ta daina amsa gaisuwarta, daga baya aka ɗauke ta daga aikin koko. Manhajar ba ta sake mutuwa a Sefwi ba.

Ta tura wa Wofa Dankwa hoton abin da ta rubuta. Waya ta nuna ya gani, amma bai amsa ba.