Hannun da Luba Ta Riƙe

Mai gadin majami'ar ya dubi takalmin robar Baba Wakili, ya dubi jar ƙasar Kuje da ta yi masa safa har ƙwauri, ya ce, "Baba, masu neman taimako ta baya suke bi."

"Taimako?" Wakili ya bugi ƙirji. "Yaro, ni da ka gani, kububuwa ta sare ni, ita ta mutu. Na je yaƙin basasa na dawo da yatsuna goma. Ɗana na zo gani, Nathan Wakili, mai kwangilar titi."

Jin sunan nan, mai gadi ya kauce, har da "Sannu da zuwa, oga."

Ba yawo ya kawo shi birni ba. Matarsa Luba na kwance a ƙauye, ciwo ya cinye ta, idanunta sun daina gani. Tun da likita ya ce a mayar da ita gida, abu ɗaya take roƙo: ta taɓa hannun ɗanta kafin Ubangiji ya kira ta. Wayar Nathan kuwa kullum sai ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Shi ne Wakili ya ce wa matan zumuntar majami'arsu da ke jinyarta su shimfiɗa sabuwar tabarma, don shi bai taɓa fita farauta ya dawo hannu rabbana ba.

Cikin majami'ar sanyi kamar randa. Ga Nathan can kan dandamali, shadda tana ɗaukar ido, yana ba da shaida.

"Ɗana ne!" Wakili ya zunguri na kusa da shi. "Ni na haife shi!"

"Daga bukka na fito," in ji Nathan, muryarsa na cika ɗakin. "Ba gata, ba mataimaki. Ni kaɗai na tashi, ni da Allahna!"

Jama'a suka ɗau tafi. Wakili ma ya ɗaga hannuwa zai tafa, sai suka tsaya a iska. Ya tuna Luba da damin itace a kafaɗa, kamar kowace macen Gbagyi, tana takawa kasuwa rani da damina har kafaɗar ta karkace, don yaron nan ya zauna a aji.

* * *

A wajen ajiye motoci ya tare shi. Nathan ya waiga hagu da dama kafin ya ɗan rusuna.

"Baba, ai da ka aiko. Ka shigo haka cikin mutane?"

"Uwarka na tafiya, Nathan. Tashi mu je, ko awa ɗaya ba za mu yi a hanya ba."

Nathan ya goge goshi da hankici. "Baba, ba za ka gane ba. Akwai babbar kwangila a gabana. Fasto ya gani cikin addu'a, ya ce kada in taka ƙasar ƙauye sai an sa hannu. Akwai ruhohin gida masu jan mutum baya."

"Ruhohin gida? Ni da uwarka ke nan? Mu da aka yi wa baftisma a rafi tun kafin a haifi faston naka?"

"Dole in kiyaye albarkata, Baba."

"Ni ban yi boko ba," Wakili ya ce, "amma na ji ana karantawa. Yesu yana kan gicciye, da ƙusa a hannu, bai manta da uwarsa ba. Kai wace ƙusa aka buga maka?"

Nathan ya shige motarsa. Ya miƙo ƙaramar kwalbar man shafewa ta tagar mota, ya ce a shafa mata, zai yi azumi dominta. Gilashi ya tashi a hankali, Wakili ya ga fuskar kansa a jiki, tsohuwa, baki buɗe.

* * *

Da la'asar ya iso gida. Matan zumunta na rera waƙa ƙasa-ƙasa. Suka leƙa bayansa, suka ga ba kowa, waƙar ta mutu.

"Wakili?" Muryar Luba kamar zare. "Ya zo?"

Mutumin da bai taɓa rasa ta cewa ba, ko gaban soja ko gaban alƙali, ya waiga ya dubi bakin ƙofa, ba kowa.

"Ya zo mana," ya ce da ƙarfi. "Wa ya isa in kira ya ƙi? Ga shi nan, kuka ne ya hana shi magana."

Ya durƙusa ta ɗaya gefen gadon, ya sa hannunsa cikin nata. Yatsunta suka bi tafin a hankali, suka tsaya kan kantar fartanya. Ta daɗe tana shafa wurin.

"Sannu da hanya, tsoho," ta ce. "Ka ci abinci kuwa?"

Ba ta sake tambayar kowa ba. Hannun ma ba ta sake shi ba.