Jirgin da Baba Ya Bari a Kudu

A gidan Mai Ma'auni akwai wata doka da ba wanda ya taɓa furta ta a gabansa: idan Baba ya ce za a yi ruwa, a fito da shanya, idan ya ce gari zai wuni garau, a ɗauki lema. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin hasashen yanayi, kullum da safe yana leƙa ma'aunin ruwan sama, abin da ya ja masa sunan ke nan a unguwa. Ba wai kullum yake kuskure ba. Sau tara zai faɗa daidai, ba mai ce masa sannu. Ranar da ya kuskure kuwa, har mai facin taya na bakin titi sai ya ɗaga kai sama ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan naka ya tsaya shan mai ne a hanya?" Baba ya yi murmushi ya wuce. A cikin wannan dariyar Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta tashi, ita ma kuma ta yi ta da bakinta ba sau ɗaya ba.

Da ya yi ritaya sai ya faɗa wani wasa a intanet, ya faɗa har wuya. Tsere ne na jiragen ruwa masu tafiya da iska. Jiragen na cikin kwamfuta ne, amma iskar da ke tura su ta gaske ce: duk yadda take kaɗawa a kan teku a wannan sa'ar, haka take kaɗawa a wasan. Tsere ɗaya kan ci mako uku, jirgi na tafiya ko kana barci ko kana wanka. Mutum dubu arba'in ke ciki, kusan kowa da manhajar da ke lissafa masa hanya, ta ɗauki hasashen kwanaki masu zuwa ta zana masa layi ta ce bi nan. Baba ba ruwansa da ita. Teburin cin abinci ya ƙwace, ya shimfiɗa taswira, da fensir da rula da gilashin ƙara girman rubutu. Mama ta yi mita har ta gaji, aka koma cin abinci a kan cinya.

"Manhajar nan gaskata hasashe take yi kamar an riga an yi," in ji shi. "Ni kuwa na zauna da masu yin hasashen, na san inda suke tuntuɓe."

A wannan tseren, kwana tara da farawa, duk jirage suka kwashi arewa kamar an kora garke. Baba ya juya nasa kudu. A allo, jiragen arewa sun cure wuri ɗaya har ba a ganin ruwa, shi kuwa ga shi can ƙasa, ɗigo ɗaya a fili fetal. Ba shi kaɗai ba ne sarai. Akwai wani mai jirgi mai suna Kifi Bakwai, wanda ba wanda ya san ƙasarsa balle fuskarsa, tsere uku ke nan duk inda Baba ya karkata yana bayansa. Baba kan ce masa "ɗan rakiyata."

Ana cikin haka ranar aikin idonsa ta zo. Idon hagu dama ya daɗe da zama na ado, na daman ne za a taɓa, likita kuma ya ce bayan aiki sai ya yi kwana biyar a kife, fuska ƙasa, ba waya ba kwamfuta. Da safen da za a tafi asibiti ya kira Auta gaban tebur.

"Na tsara juyi shida, kowane da lokacinsa, jirgin zai yi su da kansa. Kin ga nan?" Ya zagaye wani wuri a arewa da fensir. "Wannan ɗakin barcin iska ne. Hasashe yana cewa zai tsaya a gefe, amma duk sabon hasashen da ya fito sai na ga ya matso kaɗan. Ranar Alhamis zai zauna musu a ka. Iskar gaske ta kudu za ta biyo, wajen ƙarfe huɗu na yamma, daga yamma. Aikinki ɗaya: ki duba ki faɗa mini yana tafiya. Kada ki taɓa shi."

"To, Baba."

"Zan koma baya ƙwarai kafin nan. Kada ya dame ki."

"To, Baba," ta sake cewa, hankalinta na kan jakar magungunansa.

Aiki ya yi kyau, aka dawo da shi gida, aka kifa shi a gado da matashi mai rami a tsakiya. Washegari Litinin Auta ta tafi da kwamfutarsa zuwa kantin maganin da take aiki, ta ajiye ta bayan teburin kanti, tsakanin kwalin auduga da na'urar awon jini. Da ta buɗe sai ta ga matsayin jirginsa a tseren. Na dubu talatin da takwas da ɗari biyu. Mutumin da bai taɓa faɗowa ƙasa da dubu biyu ba.

Da rana yayanta ya shigo karɓar maganin mura. Injiniya ne, irin mutanen nan da idan na'ura ta ce musu sunansu ba nasu ba ne sai su fara tunani. Ya leƙa allon ya saki baki.

"Wannan jirgin Baba ne? Ina za shi, siyo kifi?"

"Ya ce a bar shi, Yaya. Ya ce iska za ta zo ta kudu ranar Alhamis."

"Baba ya ce." Ya yi dariya har da tari. "Ke, a gidanmu fa kika girma."

Ya zaro wayarsa, ya saka manhajar lissafin hanya, ya ba ta wurin da jirgin yake. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta zano jan layi, ya miƙe arewa sak. Ta kudu kuwa, in ji ta, jirgin zai iso bayan kowa da kwana biyu.

"Kin gani? Wannan tauraron ɗan'adam take tambaya, ba fensir ba. Mutum da ido ɗaya mai hazo ya zana layi ranar da za a yi masa aiki, hankalinsa rabi a asibiti. Ya tashi ranar Juma'a ya ga kansa a ƙarshen mutum dubu arba'in, kin san yadda zai ji? Abin nan kaɗai ya rage masa fa. Ki taimake shi, ba sai ya sani ba."

Ya ɗauki maganinsa ya fita. Auta ta sallami mai neman maganin haƙori, ta sallami mai goyo, tana dawowa tana kallon ɗigon nan shi kaɗai a ƙasan allo. Tausayi ne ya cika ta, irin tausayin da ake ji wa tsoho idan ya saka riga a baibai ya fita. Ko sau ɗaya ba ta tsaya ta ce wa ranta ƙila ya yi daidai ba. Da ƙarfe uku ta goge juyin nan shida ɗaya bayan ɗaya, ta karkata jirgin arewa.

Kwana biyu abin ya yi daɗi. Talata jirgin ya hau dubu ashirin da biyar, Laraba ya shiga dubu goma sha ɗaya. Injiniya ya turo mata hoton babban yatsa. Kullum ta dawo sai ta durƙusa bakin gadon, muryar Baba ta fito daga cikin matashi.

"Yana tafiya?"

"Yana tafiya, Baba."

"Ɗan rakiyata fa?"

"Yana nan." Bai biyo ta ba, yana can kudu abinsa, amma wannan ba ta faɗa ba. A ranta har cewa ta yi shi ma Allah ya ba shi mai taimakonsa.

Ranar Alhamis da safe ta buɗe kanti, ta share, ta kunna kwamfuta. Da farko ta ɗauka intanet ce ta tsaya. Ta kashe ta kunna. Jirgin yana nan inda yake, lambar gudunsa ta koma kusan sifili. Ba nata kaɗai ba. Duk garken arewa ya yi cirko-cirko, dubban jirage, wasu ma sun juya hanci baya. Launin da ke nuna iska ya ɓace daga wurin gaba ɗaya, sai fari tas, kuma farin nan zagaye yake, daidai da'irar da Baba ya yi da fensir.

"Innalillahi," ta ce da ƙarfi, har wata tsohuwa da ke jiran maganin ƙafa ta tambaye ta wa ya rasu.

Ta kira yayanta a waya. Ya ce ta dakata, ya sake tambayar manhajar. Ta jira har ta gaji.

"Yaya?"

"Ta canza," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Yanzu cewa take kudu."

"Ta canza? Haka kawai? Ba kunya?"

"Sabon hasashe ne ya fito. Ki juya shi mana."

"Da wace iskar zan juya shi?"

Ya ce ana kiransa a wajen aiki.

Wunin ranar ba ta san me ta sayar ba. Ƙarfe huɗu saura kwata ta ga launi mai duhu ya kunno daga gefen hagu na allon, can ƙasa, ya mamaye kudu. Kifi Bakwai ya zabura. Tana kallo lambar matsayinsa na raguwa: dubu talatin, dubu goma sha tara, dubu shida. Tun tana yarinya take jin mutumin nan yana faɗin abin da sama za ta yi, yau ce rana ta farko da ta zauna ta duba ko ya faɗa daidai.

Sai a lokacin ta lura da wata 'yar alama a saman allo. Saƙo ne, tun ranar Litinin yake jira, ƙarfe uku da minti ashirin. Daga Kifi Bakwai, da wani harshe da ba ta sani ba. Ta sa waya ta fassara mata, ta karanta sau uku.

Ta rufe kanti kafin lokaci. A tsakar gida ta wuce Mama tana kwashe shanya, ta shiga ɗakin. Baba na kife yadda ta bar shi, ƙeyarsa mai furfura kawai ake gani, yatsunsa na bugun gefen gado.

"Auta ce? Ƙarfe nawa?"

"Biyar da rabi, Baba."

"Karanta mini iskar kudu."

Ta zauna a ƙasa, ta buɗe kwamfutar a cinya. "Ta zo, Baba."

"Yaushe?"

"Huɗu saura kwata."

"Daga ina?"

"Daga yamma."

Gadon ya fara girgiza. Dariya yake yi a cikin matashi, dariyar da ba ta taɓa jin irinta a bakinsa ba, har da dukan katifa. "Minti goma sha biyar na kuskure! Na arewa fa? Sun kwanta?"

"Sun kwanta duka."

"Maman yara!" ya ƙwala kira. "Zo ki ji! A aika a kira mini mai facin taya!" Mama ta leƙo da kaya a kafaɗa tana cewa ya yi a hankali da idon. "Auta, na nawa nake? A'a, tsaya in faɗa. Ban wuce ɗari uku ba. Gobe war haka ina cikin goman farko."

Ta so ƙwarai a ce tana ganin fuskarsa, ta kuma gode wa Allah da ba ta gani.

"Na dubu talatin da ɗaya, Baba. Jirgin yana arewa."

Yatsun suka tsaya. Mama ta dubi Auta, ta dubi ƙeyar mijinta, ta kasa shigowa ta kasa fita.

"Wasan ne ya lalace?" ya tambaya a hankali.

"A'a. Ni na juya shi. Ranar Litinin."

"Yayanki ne ya sa ki?"

Ga ƙofa a buɗe, da ta so da ta bi ta. "Ya yi magana. Amma ni na goge, ni na danna."

"Me ya sa?"

"Na ga ka koma baya. Na ji tausayinka." Hawaye ya zubo mata. "Na ɗauka ka yi kuskure ne, Baba."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ta fi samun sauƙi.

"Ɗan rakiyata," ya ce can. "Ya bi ki arewa? Kada dai a ce na ja bawan Allah cikin rami."

"Bai bi ba. Yana kudu, na ɗari da tara yake yanzu. Ya turo saƙo, tun ranar da na juya."

"Me ya ce?"

Ta share ido ta karanta. "Ya ce: Wannan ba hannunka ba ne. Kai ba ka gudun lissafinka. Zan tsaya a kan layin da ka fara. Lafiya kake?"

Mama ta dafa bango. Mutumin da bai taɓa ganin Baba ba, bai san sunansa ba, minti ashirin suka ishe shi ya gane.

"Ba shi amsa," in ji Baba. "Rubuta masa ki ce lafiya lau, ido aka yi mini aiki. Ki ce juyi na gaba ranar Asabar da hantsi ne, kada ya yi gaggawa, yana nan a taswira ki duba masa." Ya ɗan tsaya. "Ki ce 'yata ce ta riƙe mini jirgin. Ki ce ba laifinta ba ne, a gidan da ake shanya idan na ce za a yi ruwa ta tashi."

Kayan da ke kafaɗar Mama suka zame ƙasa, ba ta sunkuya ta ɗauka ba. Ashe duk shekarun nan ya sani.

"Rubuta mana," ya ce. "Mutumin yana jira tun Litinin."