Rigar Sabo

Tun ranar da ciwo ya kwantar da Baba, Barau ya mayar da gidanmu na Basirka wurin zuwansa. Daga Birnin Kudu yake tasowa a kan sabon babur ɗinsa, ya shigo da ɗan ƙullin goro, ya durƙusa yana "Sannu Saje, ya ƙarfin jiki?" Baki yana gaida mara lafiya, ido yana kan akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Ni Kulu, da na baro ɗakina na zo jinyar ubana, ko ƙarar babur ɗin ba na son ji.

Duk ƙasar Gwaram an san Barau da wankan gawa. Har yabonsa ake, wai bawan Allah ne, ba ya jin nisa wajen neman lada. Abin da mutane ba su lura ba, ladan nasa zaɓe yake yi. Manomi ya mutu, ko ƙeyar Barau ba ka gani. Amma tsohon soja ya cika, ko a wane lungu ne, kafin a gama salati ga shi nan ya naɗe hannun riga. A wajenmu kuwa tufafin mamaci na wanda ya yi masa wanka ne, sadaka ce, ba mai hanawa. To kakin yake bi. Shekarun ne kuɗin fetur ya shigo, Turawa suka cika Kano, a cikinsu akwai masu tara tsofaffin kayan soja, riga da hula da lambobin girma, suna ratayewa a falo. Su ne Barau yake sayar wa.

Babanmu Haladu ya yi yaƙin Bama, ya dawo da igiya uku ta saje. A akwatinsa akwai hula da lambobi da riguna biyu. Ɗaya tasa ce. Ɗayar ta Sabo ce, amininsa ɗan Sundimina, wanda suka shiga soja tare. Harsashi ya sami Sabo a ƙirji a cikin daji, Baba ya tuɓe masa rigar yana danne raunin da ita, har ya cika a hannunsa. Wuta ta yi yawa, aka ce kowa ya ja da baya. Ba wanka, ba salla, ba kabari. Da Baba ya dawo gida ya tarar iyayen Sabo sun rasu, sai rigar ta zauna a wurinsa, da hujinta da wani baƙin tabo kamar faɗin tafin hannu.

Wana Ɗanladi ne ya buɗe wa Barau akwatin, shi da ba ya iya ganin mai babur bai washe baki ba. Ina tsaye da kwanon kunu na ga Barau ya zura yatsa a cikin hujin, ya juya shi, sannan ya kai rigar hancinsa ya shaƙa.

"Kai! Wannan ita ce kaya," in ji shi. "Bature mai jini yake so. Ɗanladi, ko kusa kada a bari ruwa ya taɓa ta."

Baba yana kwance, idonsa biyu. Ya juya fuskarsa bango. Wallahi da ba don kunya ba, da kunun nan na watsa wa mutumin a wuya.

Da suka fita Baba ya kira ni. "Kulu, Sabo bai sami ƙasar gida ba. In na cika, a sa rigarsa a kabarina. Kada jinin yaron nan ya ƙare a bangon falon wani."

Na ce, "In Allah ya yarda, Baba."

Da hantsi Baba ya cika, ranar wata Talata. Wa ya kai wa Barau labari, Allah masani, amma masu haƙa kabari ba su daɗe da fita ba sai ga ƙarar babur. Na yafa mayafi na tsaya a bakin zaure, na faɗi wasiyyar Baba a gaban liman da dattawa.

Barau ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! A ina aka taɓa binne Musulmi da wani abu bayan likkafani?"

Yau kuma Barau ne mai kishin addini. Liman, mutumin kirki, ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. Likkafani kaɗai ake sawa."

"Koma cikin mata," in ji Ɗanladi, ko kallona bai yi ba.

Na koma. Mace ba ta zuwa maƙabarta, balle in ce zan jefa rigar da hannuna. Na zauna a gindin turmi, kuka ya ƙi zuwa saboda baƙin ciki, ina jin ƙarar ruwa a bayan ɗaki inda hannun nan da ya zura yatsa a hujin Sabo yake taɓa jikin ubana.

Sai ga mijina Maikano ya leƙo. "Kulu, a tanadi ruwan kwaɓa ƙasa, yanzu zan dawo in ɗauka."

In an kwantar da mamaci an jera itace, da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ake liƙewa, ruwan kuwa daga cikin gida yake fita. Wannan kam aikin mata ne, ba wanda zai tambaye ni.

Na shiga ɗakin Baba na ɗauko rigar. Na tsoma ta a ruwan toka a babbar ƙwarya, na goga sabulun salo, na yi ta cuɗa. Jinin da ya shekara talatin ba ya fita da daɗi. Na murza, na sa farce, har fatar yatsuna ta saɓule. A hankali ruwan ya rine, ya koma kamar ruwan kududdufi. Na matse rigar tsaf, ko ɗigo ban bari ya zuba a ƙasa ba, na juye duka a tulu na cika shi da ruwan rijiya.

Maikano ya dawo ya leƙa tulun, ya dubi rigar a hannuna, ya dube ni. Ya saɓa tulun a kafaɗa ya fita.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Barau ya zauna a zaure yana jiran sadakarsa, yana jan carbi da ƙarfi don a ji. Na jera kayan Baba a faifai, rigar Sabo a sama, na kai har bakin ƙofa. Ya ɗaga ta, ruwa na ɗiga. Ya duba gaba, ya duba baya. Fuskarsa ta yi kamar wanda ya tauna ɗanyen gauta.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aiki?"

"Ni ce, Malam. Ai abin kunya ne a ba mai wankan gawa kaya da dauɗa."

Dattawa suka ɗauka, "Madalla, Allah ya yi miki albarka." Liman ya ɗaga hannu, dole Barau ya ce amin. Duk da haka bai bar ta ba, ya ɗaure ta a bayan babur. Lambobin kuwa tuni Ɗanladi ya zura masa su a aljihu, na gani da idona. Ba a yi sadakar bakwai ba muka ji an gan shi a Unguwar Ya da ƙullin goro, wai wani tsohon kofur yana tari.

Ranar jana'izar, da mutane suka ragu, Maikano ya shigo da tulun ya kife shi a gindin zana. Har lokacin akwai laka a gwiwar hannunsa.

Na ce, "Duka?"

"Duka. Ni na kwaɓa da hannuna, na liƙe daga kai har ƙafa."

Sai a lokacin kukan ya zo mini.