Allunan da Ke Kallon Bango

"Kai! Wa ya ce ka ƙona?"

Inna mai guga ta yar da bokitin hannunta, ta nufi bayan ɗakuna da takalmi ƙafa ɗaya. Hayaƙi ya riga ya turnuƙe, warin fenti har cikin maƙogwaro. Ɗan wan Mai Zane na tsaye da kara yana tura alluna cikin wuta. Jiya aka binne tsohon, maƙwabcinta mai zanen hotuna. Shi kuwa sai da aka dawo daga maƙabarta ya iso.

"Sannu, Inna. Shara ce kawai. Masu kyan suna nan a rataye, ban taɓa su ba. Waɗannan a ƙasa na same su, ya juya su suna kallon bango. Ai ka san abin da mutum ya tsana."

"Me ka sani? Yaushe rabonka da gidan nan?"

Ita ta sani. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinta da na tsohon. Na ratayen nan, dawaki da furanni, na masu saye ne, yana yi yana hamma. Wanda ya shiga ransa shi yake kifewa a jikin bango.

"Ido maƙaryaci ne, maƙwabciya," ya kan ce mata, yana goge buroshi a gefen rigarsa. "In na daɗe ina kallon abu, sai ya fara yi mini daɗin baki. Sai na juya shi har na manta kamanninsa. Ran da na waiwaye shi kamar baƙo, ran nan yake gaya mini gaskiya."

A cikin waɗannan akwai zanen 'yarta. Yarinyar ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Da baki Inna ta riƙa siffanta masa ita, shi yana zanawa. "Goshin ya yi faɗi," ta ce, ya rage. "Ba haka take dariya ba." Ya kankare, ya sake. Har ta ji kunya ta ce ya bari haka.

"Ke kika gaji, ni ban gaji ba. Kin taɓa ba mutum rigarsa da rabin guga?"

Ciwo ya kwantar da shi kafin ya nuna mata na ƙarshe. Ta kai masa ruwan zafi, ya nuna allon da haɓa. "Kar ki leƙa. Saura kaɗan in manta ta."

Ba ta leƙa ba. Yanzu ga shi.

"Matsa!" Ta ture saurayin, ta cusa hannu cikin wutar. Hannun da ya saba da dutsen guga bai ji komai ba sai daga baya.

"Inna, za ki ƙone! A kan katako?"

"Uwarka ce katako! Tambaya ma ta fi ƙarfinka? Ga ƙofata nan a buɗe!"

Ta fizgo ɗaya, bishiya ce. Ta jefar. Ta fizgo wani, ta danne wutar da gefen zanenta.

Rabin fuskar ya tafi. Saura kunci ɗaya, da kunne, da gefen baki ya ɗan ɗaga sama, yadda yarinyar ke yi in ta ɓoye abu a bayanta.

Saurayin ya ajiye karan.

Inna ta zauna a dandaryar ƙasa, ta ɗora allon a cinya. Ta sunkuya tana hure tokar a hankali, kamar mai cire wa yaro ƙura daga ido.