Ramuwar Tafiyar Alhaji Nata'ala

Sanda, buta, buzun salla, laima, da ƙunshin goro a cikin ganye. Iyakar abin da Alhaji Nata'ala ya fito da shi ke nan. Lokacin da Shitu ya cim masa a kan keke, mil biyu daga ganuwar Rano, babu ko ɗigon ruwa a butar.

Shitu maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su. Shekara biyar ya yi a Ikko yana koyon aikin magani, bara ya dawo aka ba shi ɗakin shan magani na En'e, hukumar gargajiya. Da hantsi Hajiya Tani, matar Alhaji, ta ƙwala masa kira ta kan katanga, ta ce maigidan ya bar doki a turke ya nufi Kibiya a ƙasa.

"Baffa, ina zuwa haka?" in ji Shitu, ya diro daga keken.

"Gobe sunan ɗan 'yata Ramlatu. Can zan kwana."

"Dokin fa?"

"Ba kai ka ce in yi tafiya ba?"

Alhaji bai tsaya ba. Numfashinsa na fita kamar zugazugin maƙera, babbar rigarsa ta manne a gadon bayansa, ƙafafunsa sun kumbura har sun shanye igiyar takalmin. Da ƙuruciya ya kora jakuna har Jos ba sau ɗaya ba. Da ya samu, sai ya zauna a zaure, fatake na kawo masa hatsi yana saye, ƙiba ta yi ta hawa har sai da aka faɗaɗa ƙofar turakarsa.

Wata guda ke nan da Shitu ya ɗora masa abin sauraren ƙirji, ya ji abin da bai so ba. Ya gaya masa a fili: zuciya ta gaji da ɗaukar wannan jiki. Ya rage tuwon dare da man shanu. Bayan sallar asuba ya taka daga zaurensa zuwa karofi ya dawo, a hankali, in ya ji haki ya tsaya. Bayan mako guda a ƙara kaɗan.

Kwana uku Alhaji ya yi. Ran farko marina suka miƙe daga bakin karofi suna tambaya ko wani abu ya ɓace masa. Ran na biyu wani amininsa ya aiko da doki, wai ya ji an ce nasa ya mutu. Ran na uku wata tsohuwa ta shiga wajen Hajiya Tani, ta ba ta shawara a nemo rubutu, don dattijo ba ya fita ya juyo ba inda ya je sai in kansa ya taɓu. Alhaji ya koma zaurensa.

"Karofi na ce, Baffa. Kibiya mil shida ce."

"Kwana ashirin da bakwai ban fita ba. In mutum ya sha azumi ba ramawa yake yi ba?"

"Ko azumin ba a rama na wata guda a yini ɗaya."

"To, a Ikko har da fiƙihu aka koya maka?"

"Ga inuwa can. Ka zauna in koma in zo da doki."

"Je ka. Ka same ni a Kibiya."

Shitu ya dubi hanyar Rano, ya dubi tsohon. In ya tafi, ba mai tsayar da shi. In ya tsaya, ba doki. Ya tura keken yana binsa.

"To hau nan in tura ka."

Alhaji ya yi dariya har ta sarƙe shi. "Keken En'e? In ya lotse ɗaure ka za su yi, ɗan nan."

Ranar kasuwar Kibiya ce, hanya ba ta rabuwa da mutane. Masu jakuna, mata da ƙwarya a ka, masu jan akuya. Duk wanda ya zo wucewa sai ya rage sauri ya gaishe shi, Alhaji kuwa ya gyara tsayuwa, ya ɗaga laima, ya amsa da ƙarfi.

"Kibiya za ni! Jika aka yi mini!"

Shitu ya lura yana jin daɗin faɗar haka. Yau yana da amsa. Ya kuma lura da ɗaya abin: duk lokacin da tsohon ya fara karkata wajen inuwa, sai wani ya ɓullo a hanya, sai ya fasa. Ba zai yarda a gan shi zube a gindin itace ba. Shitu ya roƙi wani mai jaki ya sauke kayansa. Alhaji ya sallami mutumin da addu'a tun kafin ya kwance igiya.

"Baffa, leɓenka ya sake launi. Wallahi ka zauna."

"Kai dai ka cika ƙorafi kamar uwar amarya."

Rana ta take. Zufar da ke zuba daga goshinsa ta ɗauke. Shitu ya san abin da wannan ke nufi. Ya yar da keken ya kama hannunsa, a wannan karon Alhaji bai fizge ba. Suka kauce zuwa gindin wata ɗorawa, tsohon ya sulale ya jingina da ita, hannunsa ɗaya dafe da ƙirji.

A jakar Shitu akwai kunin na zazzaɓi, aidin na rauni, bandeji da maganin ciwon kai. Ba ɗaya da zai yi amfani. Ya cire masa rawani, ya sassauta rigar. Wata Bafulatana mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta, ta miƙo goran ruwanta ba tare da an tambaye ta ba. Shitu ya jiƙa rawanin ya shafa masa a wuya.

"Saura nawa?" in ji Alhaji.

"Mil ɗaya da rabi."

"Ashe na kusa." Ya ja iska da ƙyar. "Goron nan, a kai wa Ramlatu. Kada ya bushe."

"Za a kai."

Shitu ya fara kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa. Leɓen tsohon ya bi shi sau biyu. Kafin azahar ya cika.

Motar 'yan kasuwa ce ta komo da shi Rano, aka yi jana'iza bayan la'asar. A zaman makoki Ishiyaku wanzami ya yi magana, ba da Shitu yake ba, amma yadda zai ji.

"Mutum shekara talatin yana zaune lafiya lau. Aka ce tashi ka yi yawo."

"Kwana ne ya ƙare," in ji liman.

"Haka ne, Malam. Kwana ne."

Ba wanda ya dubi Shitu. Washegari mutum biyu kawai suka zo shan magani, jibi ba ko ɗaya. Ya share ɗakin, ya jera kwalabe, ya sake jera su, ya fita bakin ƙofa ya dawo. Bai yi kuskure a maganar zuciyar ba. Ya sake bin ta daki-daki, bai ga inda ya yi ba. Abin da bai tambayi kansa ba tun farko shi ne yadda dattijo zai bi titi a Rano ba tare da ya ce ga inda za shi ba.

Bayan sadakar uku ya je gaishe da Mato, ƙanen mamacin. Mato bai kai wansa jiki ba, amma saura kaɗan. Yana zaune a tabarma, ƙafafu a miƙe, sawunsa a kumbure. Shitu ya lura da sawun. Suka gaisa, aka yi wa mamaci addu'a, ya miƙe.

"Tsaya in taka maka," in ji Mato. Ya dafa bango, ya tashi da ƙyar.

Suka fito zaure, suka bi lungu har bakin rijiyar unguwa. Mutum uku suka wuce su. Kowa ya gaishe su ya wuce, ba wanda ya tambayi Mato ina za shi, don kowa ya ga baƙo yake rakawa. Shitu ya ƙirga a zuci: taku sittin.

"To, Malam Shitu, a nan zan tsaya."

"Bari in mayar da kai, Kawu."

"Kai ma ka ji. Ana raka mai rakiya?"

Duk da haka ya bi shi. Mato ya shiga zaure yana haki, ya kama ƙyauren.

"Gobe da safe zan zo gaisuwa," in ji Shitu.

"Ai makoki ya tashi."

Ƙyauren ya rufu. Shitu ya matsa kusa da shi ya ɗaga murya.

"Na sani, Kawu. Gobe zan zo, jibi ma zan zo."