Yadi Mai Gidan Dara

"Ɗaga shi sama in gan shi a rana," in ji Haulatu.

Mai yadin ya ɗaga. Ta kwance ƙyallen da ta ƙulle a bakin zaninta, ta kara a jikin bandirin, ta runtse ido ɗaya. Kande maƙwabciyarta tana tsaye a baya riƙe da jakarta, ƙafa duk ta yi tsami, don tun hantsi suke zagaya kasuwar Mai'adua rumfa bayan rumfa.

Ku ji abin da ya fito da tsofaffi biyu daga Daura a motar haya: siket. Alhaji Ma'aruf, ɗan farin Haulatu, ya saki matarsa, ya kwaso 'yarsa Mardiyya ya dire wa tsohuwa, ya jefa ta makarantar kuɗi don a ce 'yar Alhaji tana makarantar kuɗi, ya koma Katsina abinsa. Ita kuma mai makarantar ta ga wani siket a waya, ja da kore mai gidan dara, ninki a kan ninki, wai a wata ƙasar sanyi ƙartin maza ne ke ɗaura shi. Ta ce shi 'yan mata za su riƙa sawa a kan wando. A Daura fa, a wannan zafin! Yadin da kauri kamar bargo, a ofishinta kaɗai ake sayar da ɗinkakke, kuɗinsa ya kusa na buhun gero. Yarinyar da ba ta da shi, daga bakin ƙofa ake mayar da ita gida.

Kande ta yi magana har bakinta ya gaji. "Ke Haulatu, ki kira shi a waya mana. Ba 'yarsa ba ce?"

"Ni in buɗe baki in roƙi yaron nan?"

Ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, kunyar ɗan fari. Balle ta ce masa ba ta da shi.

Duk shagunan yadin Daura sun taka. Wanda ya yi kama ya yi tsada, mai araha kuma in ka ɗaga kana hango mutum ta cikinsa. Sai ga wannan na rumfar Ya'u, ya ɗan yi kusa. Ya'u ya faɗi kuɗin, ya ƙara da cewa ninki yana cin yadi, ko yarinyar ƙarama ce sai an auna da yawa.  Haulatu ta karɓi jakar daga hannun Kande, ta zaro wani farin ƙunshi mai ƙamshin turare.

Kande ta gane shi nan take. Unguwa duka ta san shi. Likkafani ne. Shekarar da Ma'aruf ya sauke farali, 'ya'yan mutane suna kawo wa iyayensu darduma da dabino, shi abin binne uwarsa ya kawo, wai an tsoma shi a zamzam. A gaban 'yan sannu da zuwa ya miƙa mata, ana ta sa masa albarka.

"Haulatu, kin haukace? Mayar da shi!"

"Ina numfashi tukuna. Ita kuwa yarinyar tana zaune a gida."

Ya'u ya warware gefe, ya murza da yatsu. "Iya, alawayyo ne dai kamar kowane."

"Daga Makka ya zo. An tsoma shi a zamzam."

"To ai ruwan ya bushe." Ya yi dariya shi kaɗai. Ya auna mata mai gidan darar, ya tsuke hannu a awon ƙarshe, ya cusa farin a ƙarƙashin tebur.

Haulatu ta zauna a kan kekenta na hannu, ga tari yana cin ta tun damina. Kowane ninki sai ta kama shi da allura, ta hura gawayi a dutsen guga, ta danne, hayaƙin yana shiga ƙirjinta. In gidan darar bai haɗu da ɗan'uwansa ba ta farke ta sake. Kande tana jiyo tarin ta katanga, tana zagi ita kaɗai. Wallahi da aka gama, siket ɗin ya yi kyau. Mardiyya ta saka tana juyi a tsakar gida, ninkin yana buɗewa yana rufewa.

Washegari kafin rana ta take yarinyar ta dawo daga makaranta tana kuka.

Haulatu ta yafa mayafi ta ja ta suka koma, Kande na biye. Mai makarantar ta bar su a tsaye a rana, ta gama shan lemonta, sannan ta fito ta kama gefen siket ɗin da yatsa biyu.

"Iya, wannan ai yadin katifa ne. Namu korensa mai duhu ne."

"Hajiya, ki duba ɗinkin..."

"Ba ɗinki nake sayarwa ba, tsari ne. In na bar wannan, gobe kowa ya yanko labulen ɗakinsa."

Yara suna leƙe ta taga, sun ji. Kafin su kai bakin titi ana ta kiran "Katifa! Katifa!"

Kande ta juya za ta koma ta wanke matar tas, Haulatu ta riƙe mata hannu. Hannun zafi rau.

Daga wannan kwanciyar ba ta tashi ba. Kande ce mai dama mata kunu, mai juya ta, mai fitar da fo, makullin akwatinta ma a hannunta yake. An aika wa Ma'aruf, ya ce yana tsakiyar wani aiki, a saya mata maganin tari. Ranar da za ta tafi, bayan azahar, ta buɗe ido ta ce, "Kande, kada ki gaya masa."

"Ni ban ɗauki wannan alkawarin ba."

"Da mun ƙara zagayawa can wajen 'yan gwanjo, ƙila da mun samu mai koren nan."

Maganarta ta ƙarshe ke nan kafin kalmar shahada. Tsohuwa ta mutu da tunanin koren yadi, jama'a.

Motar Ma'aruf ta iso da wuri, yanzu kam aikin ya ƙare. Kande ita ce mai wankan gawar mata a unguwar tun ƙuruciyarta, ta riga ta daka ganyen magarya, ta haɗa ruwa. Ya tsaya a ƙofar ɗaki cikin shadda mai sheƙi, ya ɗaga murya yadda na zaure za su ji.

"A buɗe akwati a ɗauko likkafanin da na kawo mata daga Makka."

"Babu shi," in ji Kande.

"Kamar yaya babu? Wa ke riƙe da makulli?"

Idon matan ya dawo kan Kande.

"Ni ce. Uwarka ta kai shi Mai'adua ta yi musaya da yadin siket ɗin 'yarka. A gabana aka yi. Kai kana Katsina kana ƙiba."

Fuskarsa ta canza. Ya san gaskiya ce, Kande ta gani a idonsa. Amma ga mutane.

"Uwata ce za ta sayar da tsarabar Makka? Iya Kande, ki ji tsoron Allah. Kin ga tsohuwa a kwance, kin ga makulli a hannu. Kayan gawa ma ba ku bari?"

"Ni? Ni ka kira ɓarauniya, Ma'arufa? Ni da na wanke maka kashi?"

"Kada ta taɓa min uwa. A nemo wata."

Aka nemo wata. Aka sayo sabon alawayyo a kasuwa. Kande tana tsakar gida a tsaye aka fito da makarar ƙawarta, ko fuskarta ba ta ƙara gani ba. Bayan sadaka ya sa Mardiyya a mota ya kai ta wurin dangin uwarta a Baure. Makarantar ma ta ƙare ke nan.

Kande ba ta haƙura ba. Ta je wurin mai unguwa, ya saurare ta yana duba waya, ya ce zafin rashi ne, ta yi haƙuri, Alhaji mutum ne mai taimakon masallaci. Ta ce ba haƙuri ta zo nema ba, sunanta take so a wanke a inda aka ɓata shi. Ya ce to ta kawo shaida.

Ranar kasuwa ta sake hawa mota zuwa Mai'adua. Ya'u yana nan, ga ragowar bandirin a bayansa.

"Malam Ya'u, ka tuna tsohuwar da ta ba ka farin yadi ka ba ta wannan? Zuwa za ka yi ka faɗa a gaban mai unguwa."

Ya dubi masu saye a rumfar, ya dubi Kande. Wa zai yarda a ji ya karɓi likkafanin tsohuwa a bakin yadin katifa?

"Iya, ban taɓa ganinki ba. Matsa, kina tare min ciniki."

Ta zage shi, ta zagi rumfarsa, har masu babur suka taru suna dariya, wani ya ce a yi wa tsohuwa addu'a.

Ba a daɗe ba matar Lawal mai faci ta rasu a bayan layinsu. Kande tana jin kukan ta sa hijabi, ta ƙulla magarya da sabulu a leda, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a zaure tana jiran aike. Ta ji takun ƙanwar mamaciyar ya doso, ya rage sauri daidai ƙofarta, sannan ya wuce. Aka yi sallama a gida na gaba.

Ta zauna a nan da ledar a cinya. Wata akuya ta shigo zauren, ta sunsuna ledar, ta fara jan ganyen ta wata 'yar huda. Kande ba ta kore ta ba.