Gurnetin Gonar Hambali

Hambali bai taɓa ɗaukar Abdulnasir a bakin komai ba. Ɗan ƙanwarsa ne, ƙato mai shekara ashirin da bakwai, yana zaman shagon cajin waya a Birnin Kudu, ba abin da ya iya sai dannar waya da manyan yatsu yana harbin sojojin da ba su da jini. In ya zo gida ƙauyensu na wajen Fagam, sai ya tara samari yana yi musu karatu: wannan AK-47 ce, wannan M16, wannan roka ce da ake saɓawa a kafaɗa, ga zubin harsashin kowacce. Janar suke ce masa. Janar ɗin da ko bindigar toka bai taɓa riƙewa ba, in an yanka kaza ma kau da kai yake yi.

To wannan Janar ɗin ne ya rufe wa Hambali gona.

Ruwan ƙarshen damina ya zaizaye iyakar gonar Hambali da ta maƙwabcinsa Malam Abdulsalami. Wata mata mai tsinkar rama ta ga wani ƙarfe ya leƙo daga ƙasa, kamar ƙaramin gwangwani, ya yi tsatsa, da zoben waya a kansa. Ta zo gari tana ba da labari, aka yi rashin sa'a Janar yana nan. Ya je ya tsaya daga nesa, ya zaro waya ya buɗe wasansa, ya nuna wa dagaci hoton gurneti da zobensa. Ya rantse irinsa ne sak, ya ce ya jefa irinsa ya fi sau dubu, in aka ja zoben nan daƙiƙa huɗu ce kawai. Dagaci ya tuna rigingimun shekarun baya, ya sa aka kewaye wurin da igiya, aka buga waya birni. Aka ce masu kwance bam za su zo, amma sai ruwan da ya cinye hanyar fadama ya janye.

Riɗin Hambali kuwa ya nuna, ranar ma ya shirya fara yanka. Shi riɗi ba ya jiran kowa. In ya wuce lokaci kwansonsa tsagewa yake, ƙwayar ta zube ƙasa, tururuwa ta yi gaba da ita. Abin da zai ci da iyalinsa shekara guda ke nan a bayan igiya.

Abin takaicin, Hambali ya san ko mene ne ƙarfen. Shi ya binne shi da hannunsa shekara uku da suka wuce. Tsohuwar filtar injin ban-ruwa ce. Wani mai tsibbu a Maruta ya rubuta masa laya, wai za ta janyo albarkar gonar Abdulsalami ta dawo tasa, Hambali ya cusa ta cikin filtar, ya toshe bakin da marfin kwalba, ya ɗaure da waya. Kuma Hambali shi ne ladanin masallacinsu, shi ne kan gaba wajen zagin masu bin bokaye. Abdulsalami kuwa shi ya ara masa shanun huɗa bana.

Hambali ya ɓoye sirrinsa, ya bar haushinsa ya sauka kan Abdulnasir. A majalisa ya ce ƙasar nan ta lalace tunda dattawa suka koma ɗaukar fatawa daga wasan yara. Ya ce wannan sakaran ko fartanya aka ajiye masa sai ya nemi inda ake danna ta. Mutane suka ce ya yi haƙuri, rai ya fi riɗi. Janar kuwa sai ƙara kumbura yake, yana zagaya igiya hannu a baya, yana bayanin nakiyar da ake takawa da wadda ake ɗaura wa agogo, har yana gaya wa mata kada su daka kusa da wurin saboda girgiza. Wai girgizar turmi, jama'a.

Kwana na biyu Hambali ya tsaya bakin igiya da hantsi yana jin kwanso na fashewa ƙas-ƙas. Zuciyarsa ta ce ya tsallaka ya ɗauke abinsa, amma 'yan sintiri biyu na zaune ƙarƙashin ɗorawa, kuma in ya ɗauka dole a tambaye shi yadda aka yi ya sani. Abdulsalami ya zo ya dafa kafaɗarsa, ya ce kada ya damu, ranar da aka buɗe shi da 'ya'yansa za su taya shi tsince abin da ya saura. Hambali ya ji kamar ya nutse.

Sai rana ta huɗu jami'an suka iso. Babbansu wani Edward ne, mai Hausa rangaɗau. Ya sa rigarsa mai nauyi, ya je ya durƙusa, bai yi minti biyu ba ya miƙe da abin a hannu yana girgiza kai. Ya ce filtar inji ce, wa ya ce gurneti?

Gari ya kwashe da dariya. Janar ya fara kame-kame, wai a wasan akwai wani iri mai kama da haka. Ba wanda ya kai Hambali dariya. Ya nuna shi da yatsa, ya kira shi Janar ɗin caji, ya ce a ba shi lambar yabo ta gwangwani. Daɗi ya ɗebe shi har bai lura Edward yana warware wayar ba.

Marfin ya fita. Edward ya zaro takarda a naɗe cikin leda, ya buɗe ya juya ta, ya ce shi bai iya karatun ajami ba. Ya miƙa wa dattijon da ke kusa da shi.

"Malam, duba mana mene ne wannan."

Abdulsalami ya karɓa. Shekara goma sha biyar yana ganin rubutun Hambali a allon masallaci, kuma mai tsibbun ya sa Hambali ya rubuta sunayen da ke cikin layar da hannunsa. Ya karanta a zuci har ƙasa, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya gaya wa jama'a ba komai ba ne, tarkacen mutane ne kawai.

Aka kwance igiya, kowa ya watse yana tsokanar Abdulnasir. Hambali ya shiga gonarsa, ƙasa ta yi fari da riɗi, tururuwa ta yi layi. Abdulsalami ya biyo shi a hankali ya tsaya gefensa, bai ko dube shi ba.

"Har sunan mahaifiyata ka rubuta daidai, Ladan," ya ce. "Ashe kana saurare duk ranar da nake roƙon a yi mata addu'a."

Ya taka iyakar ya koma gonarsa.